Tagar da Ke Kallon Yamma

Daga gida, ranar Lahadi

Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka a wannan ƙauyen da kuke ginawa, wanda ko waya ba ta san hanyarsa ba. Abba yana gaishe ka. Umma ma tana gaisuwa, ta ce in tambaye ka ko abinci kake ci ko takarda. Jikinta da sauƙi da safe, amma da zarar rana ta take, kwanon gidan hayar nan ya fara ƙas-ƙas, ciwon kan sai ya dawo. Jiya sau huɗu ina jiƙa mata tawul. Likita ya sake cewa hawan jininta ba zai sauka ba muddin tana wuni cikin wannan tanda.

To ga albishir, goron kuma ka ajiye min: an fara gidanmu! Abba ya tafi da ni filin don in riƙe zanen da ka aiko, tunda ni ce mai karanta ƙananan rubutunka. Baba Magini ya shimfiɗa takardar a ƙasa, ya danne ta da duwatsu huɗu, ya daɗe yana kallo yana shafa gemu. Ya ce ka yi karatu kam, amma da sauranka. Ya gyara wa takardar zama, sannan aka ja igiya aka fara haƙa. Injin matse bulon ƙasar nan ya ba leburori dariya, wai ɗan Abba ya je makaranta shekara biyar ya dawo da ginin kakanni. Amma da ɗayansu ya saki bulo daga kafaɗa bai fashe ba, sai kowa ya koma bakin aikinsa.

Yaya, kada ka yi min dariya. Da aka tashi aiki, na shiga tsakanin igiyoyin na tsaya daidai inda babbar tagar ɗakina za ta kasance. Wallahi rana ce a gabana tsaf, ja wur, tana nutsewa bayan bishiyoyin can. Na tsaya har sai da Abba ya kira ni sau biyu. A littafin da nake karantawa yanzu, jarumar tana da irin wannan taga, a nan take zama kullum da yamma tana jiran wasiƙar da ba ta zuwa. Ni ba na jiran kowa, kada ma ka fara. Kujera kawai nake so, da labule mai ruwan zuma, da littafina. Ashe ka san zuciyata haka ban sani ba? Tagar Umma ma da ke jere da tawa za ta samu, amma ita na san barci za ta yi ta bar min rabonta.

Na gode, Yaya. Direban motar aikinku zai taso jibi, shi zan ba wannan.

Ƙanwarka,
Auta

*

Daga sansanin aiki, ranar Asabar

Auta,

Wasiƙarki ta iso. Ina lafiya, sai sauro da aiki. Ki gaida Abba, ki yi wa Umma sannu, ki ce mata ta ƙara haƙuri, wannan ce bazararta ta ƙarshe a ƙarƙashin wancan kwano in Allah ya yarda.

Kin ce kada in yi dariya, amma na yi, har abokin ɗakina ya tambaya ko lafiya. Faɗuwar rana ta tagarki? Sai dai in rana za ta canja hanya saboda ke. Tagarki da ta Umma arewa suke kallo, Auta. Ki dubi kibiyar da ke saman zanen. Daga azahar zuwa magariba rana ta yamma take dukan gida, shi ya sa na yi bangon yamma mai kauri, ba taga ko ɗaya, na sa sito da banɗaki a bayansa su sha dukan. Arewa kuwa haske take bayarwa ba zafi. Iska ta shiga ta manyan tagogi, mai zafin ta fice ta ƙananan kafofin sama. Rufin ya tara ruwan sama ya zuba a tanki, sola ta hau kansa ta ba ku wuta. Gidan da zai sanyaya kansa, ya shayar da kansa, ya haska kansa. Duk wannan a kan abu guda ya tsaya, wato inda ya fuskanta.

Ina jin dai kin tsaya a igiyar sito kin ɗauka ɗakinki ne, ko kuma jarumar taki ce ta ara miki idonta. Ki rage littattafan nan, kafin ki fara ganin wata da tsakar rana.

Na hau dutse na samu Abba a waya ranar Laraba, ya ce aiki na tafiya daidai. Ga ma'aunin zafi nan a cikin ambulan, kada ki zauna a kansa. In bango ya tashi ki riƙa rataya shi a ɗakin Umma da la'asar kina rubuta min.

Yayanki

*

Daga gida, ranar Alhamis

Yaya,

Muna lafiya. Umma da sauƙi. Abba yana gaisuwa.

Ma'auni ya iso, ban zauna a kansa ba. An gama harsashi. Bango ya kai layi biyar. An haƙa ramin tanki. Bulo bai ƙare ba.

Na dubi kibiyar.

Na yi niyyar yi wa Abba wata magana ranar Talata, har na buɗe baki, sai Baba Magini ya iso yana cewa, “Ina 'yar sakatariyarmu?” Leburori suka juyo gaba ɗaya suna kallona. Ka san ni. Sai na ce ruwa na kawo musu.

Tunda ka ce mafarki nake yi, to shi ke nan, wataƙila mafarkin ne. Kai ne mai karatun gini, ni littattafan banza nake karantawa. Amma ni dai na san sito, na kuma san ɗakina. In kana da hali ka zo ka gani da idonka, tunda nawa na aro ne.

Auta

*

Daga gida, ranar Litinin

Yayana,

Ina fatan kana lafiya. Yau kwana ashirin da biyar ba amsarka. Direba ya ce ruwa ya cinye gadar hanyarku, sai jiya aka fara wucewa, don haka ban ma san ko wasiƙata ta baya ta same ka ba. Gara ma kada ta same ka, fushi ne a cikinta ba magana ba.

Yanzu zan faɗa maka a fili, ba jaruma, ba labule. Yaya, gidan ya juya.

Ran da aka fara, da Baba Magini ya ga ƙofar gida a zanenka gabas take kallo, alhali titi yana arewa, sai ya ce shi tunda yake bai taɓa gina gidan da ya ba titi kafaɗa ba, baƙo zai zo ya yi ta zagaye kamar mai neman akuya. Ya kama takardar ya murza ta har ƙofar ta kalli titi, ya mayar da duwatsunsa. Abba ya ce hakan ya fi kyau. Abin da nake nufi ke nan da na ce ya gyara mata zama. Wallahi a ranar ban san wani abu ba ne. Da wasiƙarka ta zo na dubi kibiyar, sai na gane ɓarnar da aka yi. Tagata da ta Umma yamma suke kallo. Bangonka mai kauri yana can kudu yana gadin inuwa.

Zan faɗi laifina tun kafin ka faɗa min. Na sani tun bango yana layi biyar, yanzu ya kai tsayin linta, wato saman tagogi. Kunya ta hana ni magana, wannan gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinta: ina son tagar. Kullum in na ce gobe zan faɗa, sai in je da yamma in zauna a bakinta, in ce to jibi. Na riƙa ce wa kaina ai zafin ba zai kai yadda kake faɗa ba, ai za a sa labule.

Shekaranjiya Umma ta ce a kai ta ta ga ɗakinta. Muka je bayan la'asar. Ta shiga da murnarta, tana nuna inda gado zai zauna. Rana ta shigo ta tagar nan kamar an buɗe bakin murhu, ta kwanta tun daga ƙasa har bangon ƙarshe. Ba a yi minti biyar ba Umma ta dafa bango ta ce jiri take ji. Na kama ta na kai ta sito ta zauna a kan bulo. Ka san abin da ta ce? “Kada ki gaya wa yayanki, ya sha wahala a kan zanen nan. In an yi rufi zai yi sanyi.”

Ba zai yi ba, ko? Ma'auninka ya nuna arba'in da ɗaya a ɗakin Umma. A sito, talatin da uku. Kwana shida ina aunawa, bai taɓa yi min ƙarya don ya faranta min ba.

Baba Magini ya tafi wani aikin na mako biyu. In ya dawo za a zuba linta.

Ƙanwarka,
Auta

*

Daga sansanin aiki, ranar Juma'a

Auta,

Wasiƙunki biyu sun zo tare. Ina lafiya.

Layi biyar! Da a layi biyar kika yi magana, da yini biyu ya isa a gyara. Wata uku ina lissafin inuwar gidan nan awa-awa, ke kuma kina zaune kina kallon ana murɗe masa wuya saboda labule mai ruwan zuma.

Na hau dutse na kira Abba. Ya ce Baba Magini ya gina gidaje tun ba a haife ni ba, kada in koya wa kifi iyo, kuma gida gida ne ko ina ya kalla. Kafin in yi bayani waya ta yanke. Ba za a ba ni hutu ba sai mun rufa ɗakunan shan magani na nan, wata guda ke nan nan gaba.

Ke kaɗai na ba amanar takardar nan don na ɗauka kin fi kowa lura. Ki daina aiko min da awon zafi, na ga abin da zan gani.

Yayanki

*

Daga gida, ranar Lahadi

Yaya,

Lafiya lau muke, tunda ka tambaya. Au, ashe ba ka tambaya ba. Umma dai ta tambaye ka, na ce kana gaishe ta. Ka ga na fara iya ƙarya, ka ƙara a cikin laifuffukana.

Na karanta wasiƙarka sau uku a bayan ƙofa. Na yarda na yi laifi, ai ni na kawo kaina. Amma ka buɗe jakarka ka ɗauko wasiƙata ta farko. Tun ana jan igiya, ko bulo ɗaya ba a ɗora ba, na rubuta maka cewa na tsaya a tagata na ga rana tana faɗuwa a gabana. Me ka yi? Ka yi dariya har abokin ɗakinka ya ji. Kai mai lissafin inuwa awa-awa, aka ce maka ga rana a inda bai kamata ba, ba ka ce “tsaya, ta yaya?” ba. Ka ce littafi ne ya taɓa min kai. Da Abba ne ya rubuta maka wannan layin, da a daren ka nemi mota. Don ni ce, sai ya zama abin ba wa aboki labari.

Kowa a gidan nan haka yake min. In na yi shiru a ce Auta ba ta magana. In na yi magana a ce Auta ta fara karatun nata. To da wanne zan ji?

Kuma kai ma, wa ya ce ka zana gida ka ajiye 'yar kibiya kamar ƙafar sauro a saman takarda, ka ce rayuwar Umma a kanta take? Ka san Baba Magini ba ya karanta kibiya, titi yake karantawa. Da ka rubuta da manyan baƙaƙe KADA A JUYA, ai da na karanta musu, tunda aikina ke nan.

Ka ce in daina aiko da awo. Na daina. Amma ga wata takarda nan, in ka ga dama ka hura wuta da ita. Tun bango yana layi takwas nake zana layi da gawayi a inda hasken rana ya tsaya a cikin ɗakunan biyu, duk rabin awa daga azahar har ta faɗi. Ba don kai na yi ba, kada ka ji daɗi. Wurin da kujerata za ta zauna nake nema, inda hasken zai sauka a kan littafi ba a ido ba. Na kwafe maka duka, da tsayin kowane layi da taku nawa ne daga taga. Bangon Umma na gefen titi, rana ba ta taɓa shi ba ko sau ɗaya. Nawa na gefen ramin tanki ma haka, sai ɗan kaɗan da hantsi.

Baba Magini ya dawo. Kafinta yana buga katakon linta. Asabar mai zuwa za a zuba.

Auta

*

Daga sansanin aiki, ranar Laraba

Autar Umma,

Ina gaisuwa. Yaya jikin Umma? Yaya Abba? Yaya ke? Kin ga na tambaya.

Na ɗauko wasiƙar. Layin yana nan yadda kika faɗa. Abokin ɗakina ya karanta ya ce, “Ai yarinyar nan rahoto ta ba ka, kai ne ba ka iya karatu ba.” Ban ji daɗinsa ba, amma gaskiyarsa. Ki yafe min dariyar. Sauran faɗan mu ajiye sai na zo, don ina da nawa ke ma kina da naki.

Takardar gawayinki ta fi duk abin da na auna a filin nan da kaina. Gida ba zai juyu ba, amma zai gyaru, ga zane nan a baya, da manyan baƙaƙe. A toshe tagogin yamma biyu da bulo biyu-biyu, a bar ƙananan kafofi uku a can sama ƙarƙashin linta don iska mai zafi. A buɗe wa Umma sabuwar taga a bangon titi. A buɗe miki a bangon tanki. Rufi da sola zan sake zana su, wannan ba gaggawa.

Gaggawar ita ce linta. Dole a buɗe tagogin kafin a zuba, don ta hau kansu ta riƙe. In aka zuba aka ɗora nauyi, Baba Magini ba zai yarda a fasa bangon ƙasa ba, kuma a nan kam da gaskiyarsa.

Na roƙi direba ya kawo miki wannan hannu da hannu ranar Alhamis. Abba ba zai saurare ni a waya ba. Saura ke. Na san abin da nake roƙo: ki tsaya gaban mutum goma ki yi magana, kuma abin da za ki roƙa shi ne a toshe miki taga. Ban da wani wanda zan aika.

Yayanki

*

Daga gida, ranar Talata

Yayana,

Ina gaishe ka, ina fatan sauro ya bar maka ɗan jini. Abba lafiya. Umma da sauƙi sosai. Ni ce dai ba lafiya ba, amma bari in bi da kai a hankali.

Direba ya kawo wasiƙar ranar Alhamis. Da yamma na kai wa Abba zanen, na ce, “Abba, Yaya ya ce...” Ko ƙarasawa ban yi ba ya ce, “Yayanki ya cika ce-ce. A bar mutane su yi aikinsu.” Na koma ɗaki na tsaya gaban madubi ina gwada jawabi. A littafi, jaruma takan miƙe ne idonta na ƙyalli ta yi magana shafi biyu, kowa ya sunkuyar da kai. Ni ko madubin ma kunyarsa na ji.

Sai na tuna wani abu. Duk zaman da nake yi a bakin tagar nan, na lura ma'aikata ba sa taɓa ajiye randar ruwan shansu ko'ina sai a sito. Can Baba Magini yake shimfiɗa buhu ya miƙe ƙafa in ya gaji. Ba wanda ya taɓa hutawa a ɗakin Umma.

Ranar Juma'a da azahar, da suka tafi cin abinci, na mirgina randar nan ni kaɗai, ina nishi, na kai ta tsakiyar ɗakin Umma daidai layin gawayina na ƙarfe uku, na buɗe murfin. Na koma gida na ce wa Umma ta zo ta zaɓi inda za a sa mata ƙusar labule. Abba dama zai je duba katako.

Da la'asar Baba Magini ya sauko daga tsani yana neman ruwa. Bai ga randa a sito ba, ya bi ɗaki-ɗaki yana faɗa har ya same ta. Ya ɗebo moɗa guda ya kai baki, sai ya furzar.

“Kai! Wane mara tunani ne ya kawo ruwa ɗakin nan? Shayi za mu dafa? Duk gidan nan a rasa inda za a ajiye ruwa sai cikin wuta?”

Kowa ya taru. Abba yana tsaye a bakin ƙofa, Umma a bayansa. Yaya, muryata ta fito 'yar siririya kamar ta sauron naku.

Na ce, “Ni ce, Baba.”

“Ke? 'Yar sakatariya? Me ruwan ya yi miki?”

Na ce, “Baba, awa biyu kawai ya yi a nan. Umma kuma a nan za ta zauna.”

Shi ke nan jawabin nawa. Ba shafi biyu, ko layi biyu bai cika ba. Wani lebura ya fara dariya, kafinta ya zungure shi. Baba Magini ya dubi moɗar, ya dubi tagar, ya dubi Umma da ta riga ta ja mayafi ta kare fuska. Abba ya shigo ya tsoma hannu a randar, ya daɗe bai cire ba.

Baba Magini ya ce, “Kawo takardar ɗan'uwan naki.” Na miƙa masa. Ya ce, “A'a, karanta min, ke ce mai ido.” Na karanta, manyan baƙaƙen ma na ɗaga murya a kansu. Abba ya ce, “Yanzu ɗakin uwarku ne zai kalli titi?” Umma ta ce, “In dai da iska, ko kasuwa ya kalla.”

Kada ka ɗauka Baba Magini ya ce ya yi kuskure. Cewa ya yi dama tun farko shi bai yarda da manyan tagogin nan ba, yaran zamani ne da son taga kamar masu sayar da kaya. Ƙofa kuwa tana nan tana kallon titi, ya ce in gaya maka ko a gaban alƙali. An ɗage zuba linta zuwa jiya. An buɗe sababbin tagogi, an zuba, komai ya hau daidai.

Ta Umma aka fara toshewa. Da aka zo tawa na ce su dakata rana ta faɗi. Baba Magini ya ce siminti ba ya jiran rana. Amma sai ya tsaya yana ta gyaran cokalinsa, yana kankare abin da babu, har ta nutse. Sannan ya miƙo min bulon farko ya ce, “Ɗora da hannunki, kada gobe ki ce ni na raba ku.” Na ɗora. Ya karkace, Baba Magini ya gyara.

Yau da la'asar na rataya ma'auninka a ɗakin Umma, ko da yake an hana ni. Talatin da biyu, tun ba rufi. Umma ta zauna a kan buhu wai ta huta kafin mu koma, sai ga ta tana gyangyaɗi. Abba ya hana a tashe ta, leburori suka riƙa tafiya da sanɗa.

Ni kuwa sabuwar tagata ramin tanki take kallo. Na zauna na gwada, na buɗe littafi, na ɗaga kai: rami. In an gama kuma: tanki. Na gode ƙwarai, injiniya. Kafofinka uku na sama, in na hau kan bulo biyu na yi ɗage, ta tsakiyar tana nuna min wani ɗan yanki ja kamar ɓawon lemo, na minti huɗu. Na duba duk littattafan da ke ƙarƙashin katifata, babu jarumar da ke kallon faɗuwar rana a kan bulo, wuya na ciwo.

Labulen nan mai ruwan zuma dai kai za ka sayo shi, kuma ɗakin Umma za a rataya. Sannan in na sake rubuto maka cewa na ga wata da tsakar rana, kafin ka kira abokin ɗakinka, ka fita waje ka ɗaga kai.

Ƙanwarka,
Auta